Baƙin Katin Banki da Lambobin da Na Hana Ka

Tudun Wada,
Laraba, bayan la'asar.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa ga autanta. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ko a mota ka buɗe ta kafin ku kai Kwanar Dangora, ko sai ka sauka Abuja ka huta. Allah Ya tsare hanya, Ya ba direbanku natsuwa, Ya sauke ku cikin aminci, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani.

Na san jiya ka fita daga ɗakina ranka a ɓace. Ka zo ka durƙusa ka ce, "Umma, ki taimaka min da lambobin matan da kuke sana'ar shinkafa tare. A bankin an ce duk sabon ma'aikaci sai ya samo mutanen da za su karɓi baƙin kati cikin wata uku kafin a tabbatar da shi a aiki." Sannan ka ciro waya kana karanto min alfarmomin da ke cikin katin: ɗakin hutawa a filin jirgi, rangwame a otal, maki da ake tarawa, da wasu sababbi da ka ce bana aka ƙara. Na ce maka a'a, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Wataƙila ka ɗauka ba na son ci gabanka ne. Abin da ya rufe min baki shi ne, da na buɗe shi a lokacin faɗa zan yi, kuma ba kai ka cancanci faɗan ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Duk abin da ka karanto min na san shi tun kana jami'a. Na riƙe irin wannan kati shekara uku cur, babu wanda ya sani a cikinku. Ba na bankin da ya ɗauke ka ba ne, amma jiya da nake sauraronka sai na ji kamar takarda ɗaya kuka haddace da wanda ya sayar min.

Shekara biyu bayan rasuwar mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, kasuwa ta buɗe min. Ina sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, mu turara, mu shanya, a kai injin casa, masu saye daga Kano su zo su kwashe. Wata rana muna wurin shanya sai ga mota ta tsaya. Wani matashin ma'aikacin banki ya fito, sunansa Kabiru. Ya cire takalmi a bakin tamfol, ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, barka da aiki. Ya kasuwa?"

Na amsa. Ya ce, "Hajiya, ni nake ganin yadda kuɗi ke shiga asusunki suna fita. Makon jiya na hango ki a layi, rana na dukanki. Wallahi abin ya dame ni. Irinku ba a barinsu a layi."

Gaskiya ne, na yi awa biyu a layin nan. Kuma tun da Malam mahaifinku ya rasu ba wanda ya dube ni ya ce na wuce wani abu. Kaina ya yi girma tun kafin ya buɗe jaka. Ya ciro wani ɗan akwati, a ciki ga kati baƙi wuluk da rubutun ruwan zinare, har da ɗan nauyi a hannu. Ya ce katin bashi ne, zan iya kashe kuɗin banki in biya a ƙarshen wata, kuma manyan mutane kaɗai ake ba.

Na ce, "To nawa ne abin?"

Ya ce, "Akwai ɗan abin da ake cirewa duk shekara. Amma alfarmar da ke ciki ta ninka shi, Hajiya. Ke ce ma za ki ci riba."

Ɗan abin nan da ya faɗa ya kusa kuɗin buhu biyu na gyararriyar shinkafa. Ni da nake tsayawa da dillali mu yi ta ja a kan rabin kwano har makogwaro ya bushe, ban nemi ragin ko sisi ba. Ya miƙo takarda shafi huɗu da Turanci, rubutun ƙanana kamar tururuwa, na sa hannu. Yayarka tana gida a lokacin, ta iya Turanci sarai, da na miƙa mata da ta karanta min cikin minti goma. Ban miƙa ba, don na san abin da za ta ce, ni kuwa ba na son ji.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Nura, duk takardar da ka ga kana ɓoye wa masu ƙaunarka kafin ka sa hannu, ka riga ka san akwai matsala a cikinta. Ka tsaya. Yanzu kuma da kai ne za ka riƙa miƙa wa mutane takardar, ka fara da kuɗin shekara kafin ka ambaci alfarma ko ɗaya. Ka faɗi adadin da bakinka, da harshen da mutumin yake ji, ka dube shi a ido. Kada ka ce "ɗan abu." Kuɗin da mace ta tara a bakin wuta da tururi ba ɗan abu ba ne.

Shekarar farko ta kusa ƙarewa ban amfana da komai ba sai abu ɗaya: in na je banki ana shigar da ni ta gefe. Shi ma sau uku ne, don yawancin harkata a wurin masu POS nake gama ta. Sai Kabiru ya kira ni ya ce, "Hajiya, kina da kwana ɗaya kyauta a babban otal a Kano, da rangwame a wani kanti. In wata ya ƙare ba ki je ba sun ƙone."

Kalmar "ƙone" ɗin nan ita ta tayar min da hankali. Na ji kamar ana shirin ƙwace min abina. Ƙarshen damina ne, ina da shinkafa turararriya shimfiɗe a tamfol shida, hadari yana ta kai da kawowa. Na san bai kamata in gusa ba. Amma na ce ai na biya, ba zan bar musu ba. Na bar ta a hannun mata biyu masu taya ni aiki, na shiga mota.

Ka san ƙanena yana da gida a Kano, ɗaki guda a ajiye domina duk lokacin da na je. Na wuce shi na tafi otal. Ɗakin kyauta ne, haka ne. Abinci ba kyauta ba ne, kuma farantin shinkafa ɗaya, wadda ba ta kai tawa kyau ba, sun caje ni abin da zan ciyar da gidanmu kwana biyu. Akwai kuma wani kuɗin hidima da ba wanda ya ambata min. Da safe na je kantin. Aka ce rangwamen ba ya aiki sai sayayyar ta kai wani adadi. Na yi ta zagaye ina neman abin da zan saya don in samu ragi. Tangaran ɗin nan masu bakin shuɗi da ke cikin kabad, waɗanda ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, daga nan suka fito. Ku kuka ɗauka wani ya ba ni.

Ina hanyar dawowa ruwa ya sauka a Tudun Wada. Mata biyu ba za su iya kwashe tamfol shida ba. Sun ceci huɗu, biyu suka jiƙe sharkaf. Da aka sake shanyawa aka kai inji, rabi ya kakkarye, launin ya dushe, har da ɗan wari. Na sayar da ita yadda mai saye ya ga dama. Na gaya muku ruwa ne ya yi min ɓarna. Ban gaya muku inda nake ba lokacin da ruwan ya zo.

Ka riƙe wannan da kyau: in aka ce maka abu kyauta ne, amma sai ka bar aikinka, ka biya mota, ka sayi abin da ba ka buƙata kafin ka karɓe shi, to ba kyauta aka ba ka ba, aiki aka ɗauke ka ba albashi. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda suka san halin mutum. Sun san wanda ya riga ya biya ba ya son a ce ya yi asara, don haka zai ƙara kashe wani kuɗin don ya gamsar da kansa cewa bai yi ba. In ka taɓa tafka irin wannan, ka ce na yi asara, ka tsaya a nan. Kada ka bi kuɗin da ya tafi da wanda ya rage.

Bayan wannan na yi niyyar mayar musu da abinsu. Na je reshen da kati a jaka da maganar da na shirya tun daga gida. Ba su bar ni na faɗe ta a tsaye ba. Aka shigar da ni ofishin manaja, aka kawo lemo mai sanyi, Kabiru yana gefe yana murmushi.

Manajan ya ce, "Hajiya, ai kin zo a daidai. Bana an ƙara sababbin alfarmomi."

Ya shiga lissafowa. Rangwame a wani wurin motsa jiki a Legas. Wata uku na kallon finafinai a waya. Mota mai ɗauko mutum daga filin jirgi a Abuja. Inshorar jaka in ta ɓace a jirgi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni a Tudun Wada nake. Motsa jikina shi ne juya shinkafa da manjagara daga safe zuwa azahar." Suka yi dariya kamar na yi wasa. Na ce, "Kuɗin fa?" Ya ce an ɗan ƙara, saboda abubuwan sun ƙaru.

Ka ga rainin hankalin? Sun zuba kayan da ba ni da hanyar taɓawa, sannan sun ce in biya ƙari saboda an zuba. Kamar in cika wa mai saye buhu da ƙaiƙayi in ce ya ƙara kuɗi don buhun ya ƙara tsawo. Na gane haka a zaune a wurin, ba daga baya ba. Amma Kabiru ya san inda zai taɓa. Ya ce, "Hajiya, na ji an ce za ki Umara bana. Ɗakin manyan baƙi na filin jirgi fa? Ki zauna cikin sanyi, a kawo miki abinci, ba turereniya." Na mayar da katin jaka na fito. Lemon nan shi ne mafi tsada da na taɓa sha.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Umarar nan da Yaya Ladi muka tafi, ni na biya mata. Kai ka san ta a matsayin gwaggon Bebeji mai kawo muku busasshen kifi. Ni kuwa a bayanta na bar garinmu na asali, lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya tashe mu. Innarmu na ɗauke da kaya, ita ta goya ni, tana yarinya ita ma. Ita ta yi min wanka, ita ta raka ni ɗakin mahaifinku. Lokacin tafiyar nan gwiwoyinta sun riga sun fara ba ta wahala.

Muka isa filin jirgi, aka ce jirgi zai yi jinkiri. Wurin zama ya cika maƙil. Na kama hannunta na ce, "Yaya, zo ki ga inda za mu huta." Ina tafiya ina jin kaina. A ƙofar ɗakin wata budurwa ta karɓi katin, ta duba na'ura, ta ce, "Hajiya, mutum ɗaya katin ya ɗauka. In da baƙuwa sai an biya mata daban."

Na ce, "Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta ce, "Na gane, Hajiya. Haka dokar take."

Ta faɗi kuɗin. Ina da shi a jaka, wallahi ina da shi. Amma zuciya ta ɗebe ni: na biya na shekara, an ƙara min, yanzu kuma a ce in sake biya? Na tsaya ina ta masifa da yarinyar da ba ita ta kafa dokar ba. Mutane suka fara waiwaye. Sai Yaya ta zare hannunta daga nawa a hankali ta ce, "Shiga abinki, Binta. Ni ko ina na zauna daidai ne."

Nura, na shiga.

Abu biyu ne daidai a wurin: in biya mata mu shiga tare, ko in juya mu koma tare. Na bar su duka na zaɓi na uku. Na ce wa kaina minti goma kawai zan yi, in ga abin da nake biya wa kuɗi. Kujeru masu laushi, sanyi, shayi, 'yan guntayen burodi da nama. Mutanen ciki kowa na kallon wayarsa, ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi. Minti goma suka zama awa biyu, don ina jin kunyar fita fiye da kunyar zama.

Da aka kira jirgi na fito na same ta a ƙasa, ta shimfiɗa mayafinta ta miƙe ƙafafu, tana raba dabino da wasu mata 'yan Kiru da ta samu a nan. Sai da biyu daga cikinsu suka kama ta kafin ta iya tashi. Na miƙa mata wani ɗan kek da na naɗo a takarda. Ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah Ya ƙara arziki. Da sanyi a ciki?" Ba gatse a muryarta, da gaske take tambaya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Na yi ɗawafi da wannan tambayar a kunnena. A Madina na nemi gafararta, ta ce ita ba ta ma riƙe ba. Ni na riƙe.

Inda za ka, za ka ga ƙofofi irin wannan da yawa, wasu da kati ake shiga, wasu da muƙami. Ban ce kada ka shiga ba. Amma kafin ka sa ƙafa, ka waiwaya ka ga wa ke tsaye a bayanka. In ƙofar ba za ta ɗauke ku tare ba, kuma kana da halin biya masa, ka biya ba tare da surutu ba. In ba ka da hali, ku zauna a ƙasa tare. Kuma ka sani, abin da suke sayarwa a irin wannan kati ba shayi ba ne, ba kujera ba ce. Suna sayar maka da jin cewa ka fi na waje. Ni na saya, na ga abin da ya ci min.

Da a nan abin ya tsaya, da jiya na ba ka amsa da baki. Saura na ƙarshe, wanda shi ne dalilin hana ka lambobin.

Ka san Talatu, maƙwabciyarmu ta bayan masallaci, wadda kuke kira Inna Talatu. Da ita muka fara sana'ar nan da tukunya ɗaya ta aro, muna karɓa-karɓa. Ranar da na haife ka ita ta kwana a kaina. Ka taɓa tambayata me ya sa ta daina shigowa, na ce maka harkoki ne suka yi mata yawa. Ƙarya na yi maka.

Da shekara ta uku ta zo, aka sake ƙara kuɗin katin. Na kira Kabiru ina faɗa. Ya ce, "Hajiya, akwai hanya. In kika kawo mutum ɗaya ya karɓi kati, za a yafe miki rabin na bana." Ban yi dogon tunani ba na ba shi lambar Talatu. Ban tsaya nan ba, ni na raka shi har tsakar gidanta.

Talatu ta fi ni tsoron Allah, ta kuma fi ni tsoron banki. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta juyo gare ni, ba gare shi ba. Ta ce, "Binta, ni tambayata ɗaya. Babu kuɗin ruwa a ciki?"

Na ce, "In kin biya kafin wata ya cika, babu ko sisi. Ni ga shi shekara biyu ina riƙe da shi."

Abin da Kabiru ya gaya min ke nan, na maimaita kamar na sani. Ban gaya mata tamfol biyu da suka jiƙe ba. Ban gaya mata Yaya Ladi a ƙasa ba. Ban gaya mata za a rage min kuɗi saboda ita ba. Kabiru yana zaune yana jin amsar da na bayar, ya san ba ta cika ba, bai gyara ba. Ta ce, "Tunda ke kika ce," ta dangwala hannu.

Ni ban taɓa cire tsabar kuɗi da katin ba, shi ya sa ban san cewa in aka cire tsaba, kuɗin ruwa daga ranar yake fara hawa ba, ba jiran ƙarshen wata. Yana cikin shafi huɗun nan da ban karanta ba. Kaka ta yi, Talatu ta ga shanshera da araha a wajen Doguwa. Manoma kuwa tsaba suke karɓa. Ta cire duk abin da katin ya ba ta dama ta saya, da niyyar ta gyara ta sayar cikin mako uku. Sai kasuwa ta tsaya. Masu saye suka ja baya, farashi ya ƙi motsi. Ta ce bari ta ɗan jira. Tana jira bashin na kumbura, ana ta turo mata saƙo da Turanci, tana ɗauka gaisuwar banki ce. Sai da aka fara kiranta safe da yamma sannan ta kai wayar aka karanta mata.

Ta shigo gidan nan da hantsi, kana makaranta. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Binta, ke kika ce babu."

Na ce, "Wallahi ni ma haka aka gaya min."

Ta ce, "Na je bankin. Wanda na samu ya ce ai ta hannunki na shigo, har an yi miki ragi." Sannan ta ce, "Nawa aka rage miki a kaina?"

Na kau da kai. Ta jira, ta ga ba zan yi magana ba, ta gyara mayafi ta fita. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya.

Ta karyar da shinkafar ta sayar. Bai isa ba, ta sayar da tukwanenta da tamfol. Bai isa ba, ta sayar da ɗan filin da ta saya wa ɗanta. Ta biya su tas, don ta ce ba za ta kwanta kabari da kuɗin ruwa a wuyanta ba. Yau Talatu, wadda ta koya min gane shinkafar da ta turaru da ido kawai, a wurin shanyar wani take aiki ana biyanta kullum. Na kira Kabiru a lokacin, wayar ba ta shiga. Da na je reshen aka ce an yi masa ƙarin girma an mayar da shi birni, saboda ya fi kowa kawo mutane.

Wannan ƙarin girman shi ne ya fi ƙona min rai, kuma shi nake ji maka tsoro. Yaron nan ba ɓarawo ba ne a idon kowa. Yana sallah, yana gaida manya, yana cire takalmi. An ɗora masa adadi ne, ya duba ya ga inda ya fi sauƙin cikawa: mata masu juya kuɗi, marasa Turanci, masu yarda da juna. Jiya da ka durƙusa a gabana ka nemi lambobin, shi na gani. Na san ba da mugun nufi ka nema ba. Shi ma ina jin ba da mugun nufi ya fara ba.

Mayar da katin sai da ya ci min zuwa uku. Yau a ce manaja ba ya nan, gobe a ce sai an rubuta wasiƙa, jibi a ce in sake tunani don makina zai zube. Na ce a gaya min abin da makin shekara uku zai saya. Suka duba suka ce zai kai fulas ɗin shayi. Na ce su riƙe fulas ɗin.

Kada ka ce Umma ta ce katin haramun ne ga kowa, ko aikinka banza ne. Ban faɗa ba. Akwai mutumin da kowane mako yana jirgi, otal ne gidansa na biyu, yana da mai karanta masa takardu, yana biyan bashinsa kafin ya kwana. Irin wannan wataƙila abin da yake samu ya fi abin da yake biya, shi ya san lissafinsa, tsakaninsa da malamansa kuma game da halaccin abin. Abuja cike take da su. Ka neme su, ka sha rana a ƙofar ofisoshinsu, a wulaƙanta ka, ka koma. Wannan shi ne aikin. Amma duk wanda ya zauna a gabanka, ka tambaye shi sau nawa ya hau jirgi bara, sau nawa ya kwana a otal da kuɗinsa. Ka ɗauki alfarmomin ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Wannan, da ba kati, za ka saye ta da kuɗinka?" Wadda ya ce a'a, ka cire ta daga lissafi, ko sabuwa ce ko tsohuwa. In abin da ya rage bai kai kuɗin shekara ba, ka ce masa, "Wannan ba naka ba ne," ko da shi ne zai cika maka adadi. Ka gaya masa maganar cire tsaba tun bai tambaya ba. In tsohuwa ce ko wanda ba ya karatu, kada ka karɓi sa hannunsa sai ya zo da nasa mai karantawa.

Kai ma kanka za su ba ka katin, na sani, su ce ma'aikaci ragi ake yi masa. Abokan aikinka za su riƙa ajiye nasu a kan tebur don a gani. Albashinka na farko bai kai ka riƙe katin bashi ba, na goma ma bai kai ba. Ka ci abin da ka samu, ka bar abin da ba ka samu ba tukuna.

In wata ukun suka cika ba ka kawo adadin ba, suka ce ba za su tabbatar da kai ba, ka ɗauko jakarka ka dawo. Ba zan yi maka gori ba, ba kuma wanda zai yi maka a gabana. Akwai aiki a nan, ina buƙatar mai zuwa Kano ya yi magana da masu saye. Na fi son in gan ka kana ɗaga buhu da in ji an yi maka ƙarin girma irin na Kabiru.

Abu ɗaya ya rage, shi kuma nawa ne ba naka ba. Shekara biyu ke nan ban taka gidan Talatu ba. Mukan haɗu a hanya, ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙo, in amsa in sunkuyar da kai. Kullum ina ce wa kaina banki ne ya cuce ta. Sai da na zauna rubuta maka wannan na ga ba zan iya ba ka shawarar gaskiya ba alhali ni ban amsa tambayar da ta yi min ba. Ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu, bayan an sauko daga masallaci zan je. Zan gaya mata nawa aka rage min. Zan roƙe ta ta dawo mu haɗa jari, tukwanena shida, uku nata. Ban san ko za ta karɓa ba, ban ma san ko za ta shimfiɗa min tabarma ba. In ba ta shimfiɗa ba zan faɗa a tsaye. Ka sa ni a addu'a a ranar.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya zaunar da kai lafiya. Allah Ya haɗa ka da shugabanni masu tausayi da abokai masu tsoronSa. Ya sa albarka a abin da za ka samu, ko kaɗan ne, Ya tsare hannunka daga haƙƙin mutane, Ya tsare bakinka daga rabin gaskiya. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka kira ni da zarar kun sauka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min ɓacin ran jiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Umma.